Ranar da Na Zama Ƙofa

Ni ban yarda akwai mai iya ganin ɗaki tun ba a gina shi ba, in ka cire magina da maƙaryata, su kuwa sau da yawa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Magini zai tsaya a fili fetal, inda babu komai sai kashin awaki da tumfafiya, ya miƙa hannu ya ce maka ga gadonka can, ga randarka nan, kai kuma ka yi ta gyaɗa kai don kada a ce baƙauye ne. Haka aka yi mini. Da ni kaɗai abin ya shafa da ban ɓata tawadata a kansa ba, don rubutu ba ya yi mini daɗi, karatuna bai yi nisa ba aka ciro ni aka haɗa ni da jakuna.

Abin da ya kai ni hannun magini shi ne Inna, mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ce, masu riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa fuskantata ta yi mini magana ba. In tana so in ci abinci sai ta dubi bango ta ce, "Ga tuwo nan, in da mai ci." Da na koma Gusau da fataucin hatsi da auduga sai ta sami abin kirana, mutumin Gusau. Ga ni da furfura a gemu, ga 'ya'ya, amma in na je gaishe ta sai in durƙusa in yi ta magana da ƙeyarta, ita kuma tana ba maiɗakina amsa.

Babanmu ya rasu, ƙannena mata aure ya watsa su, ƙanena namiji kuwa ya bi masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, yana can yana fasa dutse yana cewa aikin Nasara yake yi. Aka bar Inna ita kaɗai a Bungudu, a ɗakinta na da, kewayayye mai jinka. Yanar ido ta fara rufe mata gani, ba ta ganin mutum sai dai inuwarsa. Bangon ɗakin kuma ya tsage, tsagar da kyanwa ke shiga ta fita ba ta goge gashinta ba. Duk wanda ya duba ya san bangon nan ba zai ga ƙarshen wata damina ba. Na ce ta dawo Gusau in gina mata ɗaki a filin da ke jikin zaurena. Amsar da ta ba maiɗakina, ina durƙushe a wurin, ita ce:

"Ku hwaɗa ma mutumin Gusau, ni ba tunkiya ba ce da za a ja a ɗaure inda ba ta sani ba. Ɗakin da ban sani ba, ba ni kwana cikinai."

A hanya na ce wa maiɗakina ai da sauƙi, sai in gina, in ta gani ta sani. Ta ce, "Kamar ba ka san ta ba. In ka gina ba a tambaye ta ba, ko leƙawa ba za ta yi ba, cewa za ta yi wata aka gina wa." Gaskiya ta faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Wato sai Inna ta san ɗakin ta yarda da shi tun ba a aza tubali ɗaya ba, kuma sai an gama kafin ruwa ya sauka.

Aka kwatanta mini wani magini a Tsafe, aka ce shi ke yi wa manyan fatake soraye. Na aika ya zo. Gajere ne, mai faffaɗar ƙafa, babban yatsan ƙafarsa kamar saiwar rogo. Da yatsan nan yake magana da masu gida. Bai ko sha ruwa ba ya tuɓe takalmi, ya kafa yatsan a ƙasa, ya shiga ja da baya yana tsaga fili. Ya ja nan, ya karya can, ya dawo inda ya fara, ya miƙe yana haki.

"To maigida, ga shi."

"Ga mi?"

"Ɗakin Inna. Adada, kusurwa huɗu, rufin azara, ba ruwanta da jinka. Ga taga nan ta duba titi."

"Ni dai zane nika gani, irin na masu bugun ƙasa."

Na taka na shiga don in duba da kyau. Sai ya daka mini tsawa kamar na taka masa ɗa.

"Kai! Ka haura bango! Da rana tsaka, gidan uwarka!"

Ya sa na fito, na kewaya, na zo ta inda ya bar 'yar kafa a zanen. Ya ce in sunkuya kada in buga kai. Na dubi sama, babu komai tsakanina da shirwa. Ya ce in yi sallama. Maƙwabtana biyu na zaune a gindin bishiya suna kallo, wani mahauci mai ƙaton tumbi da wani wanzami wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi. Na yi sallama a hankali. Wanzami ya maƙe murya kamar tsohuwa ya amsa, "Wa alaikumus salam, shigo ɗan nan, ka yi hankali da randa." Ina cikin zagin sa kaza ta zo da 'ya'yanta ta share bangon gabas gaba ɗaya.

Na ce wa magini, ni mai ido biyu ban ga komai ba, ina ga wadda ba ta gani? Ya sosa gemu, ya ce in ba shi 'yan kwanaki.

Ya dawo da ɗaki a hannu. Ya kwaɓa yumɓu ya gina shi ƙarami, bai fi akushi ba, da 'yar ƙofarsa, da tagarsa, har da indararo na tsinke. Ba na yabon mutum, amma abin ya yi kyau. Aka naɗe shi a zane, maiɗakina ta rungume shi a kan jaki kamar jinjiri har Bungudu. Ni ban je ba, labari aka kawo mini. Inna ta shafa shi ta ko'ina, ta zura hannu ta ƙofar har wuyan hannu, a gaban matan maƙwabta, sannan ta ce:

"Allah shi yi albarka. Ashe mutumin Gusau ya yi arziki. Ku dai tambayo mini shi, hannuna za shi kwana ciki ko ƙahwata?"

Maiɗakina ta ce, "Inna, ai kwatance ne, na gaskiyar babba za a yi."

"Na sani, ɗiyata, ni ba gaɓuwa ba ce. Amma in an miƙa miki ɗan tsako, kin san irin zakaran da za shi zama?"

Ta riƙe ɗakin, ta ce ya yi daidai da ajiyar daddawa. Kafin kasuwa ta kewayo duk Bungudu ta ji cewa na gina wa uwata akurki. Ranar da na je sayen dawa, ina tsugune ina duba ƙwaya, wani ɗan banza ya yi cara a bayana. Na juya, duk fuskoki a ɗaure kamar a wurin jana'iza. Mutanen garinmu ke nan.

Bazara ta shigo. Zafi ya yi zafi, da yamma kuma gabas ta fara haɗa rai. Magini ya ce in ba a fara kwaɓa ƙasa yanzu ba tubali ba zai bushe ba. Na ce to ya san yadda zai yi, ai shi ne gwani. Ya zauna a zaure ya cinye mini goro yana tunani, can ya ce:

"Maigida, wanda ba ya gani da ido sai a gina mishi abin da za shi taɓa, girmanai da girmanai. Tubali in an aza shi ba ya matsawa. Mutum ko yana matsawa. Kana da maƙwabta?"

"Ina da su, ba su da amfani."

"Yau sun samu. Ka nemo zana, ka sa a dama hura."

Maiɗakina ta lallashi Inna ta zo ganin jikoki. Ta ce za ta zo, amma baƙunta daban, zama daban, kada wani ya sa rai. Washegarin zuwanta da hantsi magini ya tara mazan unguwa a filin. Fura da goro suka kawo su, ba ƙaunata ba. Ya sake jan zanensa da yatsa, ya jera su a kai, kowa ya riƙe zana a gabansa. Mahauci shi kaɗai ya kusa cike bangon gabas. Wanzami da wasu suka zama bangon yamma, aka bar masa 'yar kafa tsakanin zana biyu, shi ne taga. Wani dogon Bafulatani ya zo wucewa da sandarsa, ya kawo bijimi kasuwa, magini ya kamo shi ya tsayar a tsakiya ya ɗora masa sandunan gora biyu a ka a madadin azara, ya ce shi ne ginshiƙi. Ba wanda ya gaya wa bawan Allah abin da ake yi. Ya tsaya dai, ya ɗage ƙafa ɗaya ya ɗora a gwiwa yadda suke yi a wurin kiwo.

"Ginshiƙi ba ya tsayuwa da ƙafa ɗaya!" in ji magini.

"Ai na rugarmu da ɗaya yake tsayuwa," in ji shi.

Ni na sa babbar rigata ta zuwa masallacin Juma'a, na tsaya gefe na goya hannu a baya kamar mai gida. Magini ya ƙare lissafin mutanensa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Maigida, ƙofa ta rage."

"To a nemo wani."

"Sun ƙare. Kuma wa ya fi mai gida sanin wanda za a buɗe mawa?"

"Ni da gidana?"

"Ga su nan sun hito. Riƙe."

Ya danƙa mini tabarma, ya tura ni cikin kafar. Haka Inna ta iske ni, maiɗakina na riƙe da hannunta ɗaya, ɗaya hannun da sanda. Ta laluba da sandar, ta buga mini a ƙwauri. Na haɗiye zafin.

"Mine ne wanga?"

Magini ya ce, "Ƙofa ce, Inna."

Ta kasa kunne. Na san ta san ni ne. Uwa ba ta bukatar ido ta gane numfashin abin da ta haifa, ga kuma tarina da ya ƙi ɓoyuwa.

"Ƙofa ce?"

"Ƙofa ce, Inna."

Sai ta ɗago fuska ta fuskance ni sosai, abin da ba ta taɓa yi ba tun ina tsirara, ta ce, "To ke ƙofa, buɗe."

Ke! Da gemuna da rawanina. Amma ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba, sai na ga na juya gefe da tabarmar. Ta shige.

Daga nan ɗakin ya zama nata. Magini ya ɗauki ƙwaryar toka yana bin ta a sunkuye, duk inda ta tsayar da bango sai ya zuba toka a gaban ƙafafun mutane. Ta fara da gabas. Ta zunguri zana, sandar ta nutse a wani abu mai laushi ta dawo.

"Wanga bango ya kumbura. Ruwa ya sha?"

Mahauci ya ce daga bayan zana, "Romo ne, Inna."

Ta yi dariya har ta dafa sanda. Na manta rabon da in ji dariyarta. Ta ce a bar kumburin, ta nan za ta sa kan gado. Magini ya buɗe baki, ya rufe, ya kewaye tumbin mahauci da toka.

Ta isa kusurwa ta zura sanda. "Wanga loko na mine ne?" Aka ce kusurwa ce. Ta ce kusurwa gidan kunama ce, ba ta son ko ɗaya. Ta yi ta bugun ƙafafun mutane da sanda tana koro su ciki, suna tsalle suna cewa, "Sannu Inna, a hankali Inna." Ta zo taga, wanzami ya leƙo da kai ya gaishe ta, ya tambaye ta mutanen Bungudu ɗaya bayan ɗaya, ya ba ta labarin wanda ya saki matarsa a Karakkai da abin da ya jawo. Ta tsaya nan har na fara jin hannuwana sun mutu. Suna cikin hira cinnaku suka taso wa mutanen da ke kusa da shi. Bangon yamma ya yi tsalle waje yana karkaɗe wando. Daidai lokacin Inna ta miƙa sanda ta ji wuri ya buɗe, ta ce, "Yauwa. Nan za a aje randa." Magini ya dube ni, na harare shi, ya zuba tokarsa.

Sai ta yi karo da ginshiƙi.

"Wa ya kahwa gungume tsakar ɗaki? So kuke in hwashe goshi?"

Magini ya ce shi ne zai ɗauki azara, in babu shi rufi ba zai kai daga bango zuwa bango ba. Ta ce to bangon su matso. Bafulatani ya sauke gorarsa, ya shanye furarsa a tsaye, ya ce mutanen birni Allah ya ba ku lafiya, ya kama hanya. Aka matso da bango har gabas na jin warin bakin yamma.

Amma duk kewayen da za ta yi sai ta dawo wurina. Ta sa hannu ta shafa gefen tabarmar, ta taɓa kafaɗata kamar mai duba itace.

"Ke ƙofa, kin cika hwaɗi. Da ba haka kike ba, kamar sillen kara kike."

Zana ta fara rawa ta ko'ina.

"Bango ba ya dariya!" in ji magini.

"Ke ƙofa, an ce mini kin yi hwaɗa da mai awon auduga, har kin ce za ki karya mishi sikeli. Ƙofa ba ta hwaɗa da kowa. Mai shiga shi shiga, mai hita shi hita."

Na ce, "Inna, ai shi ne ya…"

"Ƙofa ba ta magana!" in ji magini.

"Bar ta," in ji Inna. "Ta gidanmu ma tana ƙara in an tura ta."

Ta ci gaba. Ta yi mini faɗan goro, ta yi mini faɗan yadda nake yi wa jakuna lodi, ta yi mini faɗan wata akuya da na bari ta ɓata tun ban yi kaciya ba. Faɗan da ta tara tun haihuwata, duk ta sauke shi a gaban mazan unguwa, ni kuwa ina riƙe da tabarma ina cewa na ji. Abin da zan faɗa wanda ba zan maimaita ba shi ne, ban so ta daina ba. Can ta rage murya ta ce:

"Ke ƙofa, ba ki gajiya da tsohuwa tana shiga tana hita?"

Na ce, "Ba ni gajiya."

Ban san abin da za ta ce ba, don daidai nan rana ta ci ƙarfin mahauci, ya tafi da baya rim da zanarsa da komai. Wanzami ya ƙwala ihu ta taga, "Jama'a, bangon gabas ya hwaɗi!" Aka watse ana yayyafa masa ruwa. Inna ta tsaya a tsakiyar toka ta ce wa magini, in haka za a gina shi, yadda yake ɗin nan, ta yarda.

Da kowa ya tafi na tsaya na dubi abin da aka zana. Ba kewayayye ba ne, ba adada ba ne. Ya fi kama da ƙwaryar da jaki ya zauna a kai. Ga tumbi ta gabas, ga aljihu ta yamma. Na ce wa magini ya miƙe layukan nan, ai ba gani take ba.

"Sandarta na gani," in ji shi. "Ka taɓa tokar ga da faɗin yatsa, ta hwasa, ba ruwana. Ni ma ba daɗi nika ji ba. Ka san abin da magina za su ce in sun ga wanga?"

Ya sare ƙaya ya rufe tokar saboda kaji, Inna kuma ta koma Bungudu. Aka kwaɓa ƙasa, aka yi tubali, bango ya tashi yana lanƙwasa kamar maciji ya haɗiye ƙwai. Wurin rufi magini ya sha wuya, don babu azara biyu da suka zo tsawo ɗaya, ya yi ta gicciya su yana ambaton Allah da wasu kalmomin da ba na Allah ba. Ranar kasuwa mutanen Magami kan ratso su tsaya su kalla, su wuce. Wani ya tambayi magini daga ina yake, ya ce daga nesa. Abu ɗaya na yi alfahari da shi, ƙyauren. Na sa masassaƙi ya yi shi da katako mai kauri, maƙeri ya buga masa ƙusoshi masu manyan kai. Ko gidan hakimi sai haka.

Ba a daɗe da gama yaɓe ba ruwan farko ya sauka a Bungudu da iska. Bangon Inna ya zube ta wajen tsagar, jinka ta zauna a ƙasa. Allah ya sa tana gidan maƙwabta a lokacin. Na kora jakuna na je na kwaso ta, da randarta da tukwanenta da tabarminta. Duk hanya ba ta ce mini komai ba, ban kuma sa rai ba.

Muka iso da la'asar, hadari na haɗuwa. Magini na nan yana jira a yaba masa. Inna ta sauka, maiɗakina ta kai ta bakin ɗaki. Ta buga sanda a ƙyaure, ya ce ƙwas. Ta tsaya jim, ta tura ta shiga. Muna waje muna jin ta.

"Salamu alaikum."

Shiru.

Muka ji sanda na bin bango. Ta isa tumbin gabas ta zungura. "Yau ba a sha romo ba?" Shiru. Ta je taga ta tsaya. Ba kowa sai iska. Ta fito, ta laluba ƙunshin kayanta a tsakar fili ta zauna a kai, ta juya mini baya.

"Ku hwaɗa ma mutumin Gusau a maishe ni Bungudu. Ba wanga anka gwada mini ba."

Magini ya yi tsalle. "Inna, wallahi shi ne! Sawu da sawu! Ga tumbin, ga wurin randa, har inda cinnaku sunka ciji mutane ban gyara ba!"

"Kai ka iya aikinka, ɗan nan. Amma wancan na gaishe shi ya amsa. Wanga kabari ne mai taga."

Maiɗakina ta ce, "Inna, ai ɗakinki na can ya faɗi."

"Maƙwabta ba su hwaɗi ba."

Na san ta. In ta ce za ta koma, ko da rarrafe sai ta koma, ta je ta raɓa a ɗakin wasu da makantarta, ni kuma ina nan da ɗaki mai tumbi ba kowa a ciki. Iska ta fara ɗaga shara. Na dubi magini na ce, kai ka ɗaura wannan, sai ka kwance.

Ya sosa gemu. Ya sosa ƙeya. Sai ya nufi ƙyaurena, wanda ko hakimi zai yi sha'awa, ya rungume shi ya ɗaga ya cire daga gurbinsa, ya jingine a jikin bango. Ya dube ni, ya dubi kafar.

Na ce, "A'a."

Ya ci gaba da duba na.

Na ce, "Gaban 'ya'yana?"

Aka yi tsawa. Ɗigon farko ya faɗo a kan ƙunshin Inna, ba ta ko motsa ba. Na je na tsaya.

"Inna," in ji magini, "an sake ƙofa. Waccan ba ta yi ba."

Ta daɗe kafin ta tashi. Ta zo da sandarta, ta lalubo ƙwaurina, wurin da ta buga wancan karon, ta sake bugawa.

"To. Wagga dai ita ce." Ta ɗago fuska. "Ke ƙofa, kina tsaye ruwa na dukan kayana?"

Na kwaso kayan na shigar. Ta tambayi bangaye, magini ya ce gobe za su zo gaisuwa. Ya kuwa je ya kamo su. Har yau in mahauci ya tashi daga kasuwa yakan jingina da tumbin bangon gabas ta waje ya yi mata sallama, wanzami kuwa ya mai da gindin tagar wurin aski, yana yi wa mutane ƙwal yana zuba mata labarin gari. Rabin labarin nawa ne.

Ta zauna. Damina ta wuce, wata ta zo, ba ta sake zancen Bungudu ba. Da dare ina mayar da ƙyauren katako saboda sanyi da ɓarayi. Da safe in na dawo masallaci sai in cire shi in jingine, in tsaya a gurbinsa har ta gama abin da za ta faɗa. Wata rana gajere ne, wata rana sai jakuna sun gaji da jira. In na kuskura na shiga ciki na durƙusa kamar ɗa, sai ta juya ƙeya ta ce a gaya wa mutumin Gusau tana gaishe shi. Yaran unguwa in sun gan ni sai su ce a buɗe, su ruga. Mai awon auduga ma ya ji, rannan ya ce in matsa ina tare masa haske, ko in rufe gaba ɗaya. Ban karya masa sikeli ba, an hana ni.

Maginin kuwa ya koma Tsafe yana cika baki wai shi ya ƙago gini da mutane. Kwanan baya ya zo har zaurena, ba kunya, ya ce wani bafatake can yana da uwa mai wuyar sha'ani, ko zan ba shi aron kaina na wuni ɗaya tun da na ƙware. Na ce ya tashi ya fita tun ban nuna masa yadda ƙofa ke maƙe yatsa ba.

Jiya da safe tarin nan nawa ya tashi ina tsaye a gurbina, na yi ta yi har na dafa bango. Inna ta saurara. Ta ɗaga murya ta kira maiɗakina, ta ce ƙofar ga ta cika ƙara, ba mai kula da ita, a sa mata mai. Da rana aka kawo mini tuwo, man shanu na yawo a kan miya kamar gulbi ya kawo. Na cinye. Mai ne, ba zan zubar ba.